Mai Rauni, Ƙirƙirarre, Jinginanne da Ɓoyayye: Sunayen Rubuce-rubucen da Ake Tantama a Kansu

Malaman addini ba su taɓa raba rubuce-rubuce gida biyu kawai ba, na gaskiya da na ƙarya. Tsakanin nassin da aka yi ittifaƙi a kansa da wanda aka tabbatar ƙage ne akwai matakai, kowanne da sunansa. A ilimin hadisi, da'ifi shi ne wanda bai cika sharuɗɗan karɓuwa ba, ko don isnadinsa ya yanke, ko don haddar wani mai ruwaya ba ta da ƙarfi. Maudu'i kuwa wani ne ya zauna ya ƙaga, ya jingina wa Annabi (SAW). Irin waɗannan hadisai ne Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya tara a littafinsa Al-Maudu'at. Isra'iliyyat labaran Yahudu da Nasara ne da suka shigo tafsiri ta hannun irin su Ka'abul Ahbar da Wahabu ɗan Munabbihi, kuma Ibn Kasir ya kasa su uku: wanda shari'a ta gaskata, wanda ta ƙaryata, da wanda ta yi shiru a kansa. Sai mansubi, wato littafin da aka jingina wa wani malami ba tare da tabbacin shi ya rubuta ba, kamar littafin fassarar mafarki mai ɗauke da sunan Ibn Sirin da ake shimfiɗawa a bakin masallatan Juma'a.

Kiristoci ma suna da nasu kalmomin. Afokirifa kalmar Girkanci ce mai nufin ɓoyayye. Jirom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin wajen shekara ta 400, ya yi amfani da ita ga littattafan da ba su cikin jerin Ibraniyanci, irin su Tobit, Yudit da Makkabi. Martin Luta ya ware su a tsakanin Tsohon Alkawari da Sabo a bugunsa na Jamusanci na 1534, amma Katolika suka tabbatar da su a taron Tirent na 1546. Dalilin ke nan da Baibul na Furotesta ke da littattafai 66, na Katolika 73, na cocin Habasha kuwa 81.

Wannan kalma ta ɓoyayye ita ce ta haifar da ruɗanin da ya fi kowanne yawo. Da zarar an ji ta, sai a ɗauka akwai wata gaskiya da manya suka danne, aka kulle ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Fadar Paparoma. Alhali littattafan Afokirifa ana buga su, ana sayarwa, ana karanta su a coci da rana tsaka. Muhawarar a kan matsayinsu take, ba a kan samuwarsu ba.

Babu inda wannan ruɗani ya yi ɓarna kamar a batun Injilar Barnaba, wadda wasu masu wa'azi ke ɗagawa a matsayin Injila ta asali da aka ɓoye. Kwafinta biyu aka sani: na Italiyanci da ke Biyana, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 16, da na Sifaniyanci da ke Sidni, kwafin ƙarni na 18. Babu na Girkanci, babu na Aramiyanci. Gaskiya ne wani tsohon jerin coci ya ambaci wata injila da sunan Barnaba, amma suna kawai ya rage, ba matani. An buga fassarar Turanci a 1907, ta Larabci ta fito a Alƙahira a 1908 ta hannun Rashid Rida, daga nan ta bazu.

Littafin da kansa yake tona asirin kansa. Ya ce Annabi Isa (AS) ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tuddai, nesa da bakin tafki. Almajirin da ya taka ƙasar da ƙafarsa ba zai yi wannan kuskure ba. Ya ce shekarar yafiya ta jubili tana zuwa duk shekara 100, alhali a Attaura shekara 50 ce. Paparoma Bonifas na takwas ne ya sa ta ɗari a 1300. Abin da ya fi ban haushi shi ne masu kafa hujja da shi ba su karanta ba. A cikinsa an sa Annabi Isa ya musanta cewa shi ne Almasihu, sunan da Alƙur'ani ya kira shi da shi. An ce sammai tara ne, Alƙur'ani ya ce bakwai. An ce Nana Maryam ta haihu ba tare da ciwo ba, alhali suratu Maryam ta ambaci naƙudarta. Mai kare addini da irin wannan littafi ya ari takobin da zai sare shi. Haka nan hoton nan na wani littafin fata mai rubutun zinare da aka nuna a Turkiyya a 2012, wanda ke dawowa Facebook lokaci zuwa lokaci da cewa ya shekara 1500: masu karanta Suriyanci sun nuna cewa shekara ta 1500 miladiyya ce aka rubuta a shafin.

A yaɗuwar irin waɗannan rubuce-rubuce, jahilci da neman kuɗi suna da nasu rabo, amma son jin abin da ya dace da ra'ayi ya fi su aiki.

Saboda haka duk rubutun da ya iso hannu, a takarda ko a WhatsApp, ana fara tambayar wa ya rubuta shi, kuma wa ya shaida hakan. Sai a tambayi ina kwafinsa mafi tsufa yake, da wane harshe, shekara nawa ke tsakaninsa da wanda aka jingina wa. Idan malami ya yanke hukunci, a kula da kalmar da ya furta, kada ya ce da'ifi a koma gida ana cewa ya ce ƙarya ne, ko ya ce maudu'i a ce ai rauni ne kaɗan. Ko malaman da suka halatta aiki da da'ifi a falalar ayyuka sun gindaya sharuɗɗa, kamar yadda aka ruwaito daga Ibn Hajar: kada raunin ya yi tsanani, ya shiga ƙarƙashin wani asali tabbatacce, kuma kada a ƙudurce tabbatarsa. Maudu'i bai samu wannan rangwame ba ko kaɗan. Takardar da ke alƙawarin arziki ga wanda ya raba ta, da barazanar masifa ga wanda ya ƙi, kamar wasiyyar nan ta Shehu Ahmad mai gadin kabarin Annabi (SAW) wadda Shaikh Ibn Baz ya rubuta raddi a kanta, ba ta buƙatar dogon bincike; barazanar kaɗai ta isa alama. Masu ɗab'i da masu fassara zuwa Hausa su ma nauyi yana kansu: idan bugun Larabci ya rubuta mansubi a bango, kada kalmar ta ɓace a bugun Hausa.