Kafin ka hau kwale-kwale: abin da wayarka za ta iya yi maka

A ƙasar Girka, fasinjan da zai tashi daga tashar Piraeus zuwa tsibirai yakan sayi tikiti ta manhajar Ferryhopper, ya kuma ga inda jirgin yake a MarineTraffic, saboda manyan jirage na ɗauke da na'urar AIS mai aika wurin da suke. Kwale-kwalenmu ba su da wannan na'ura. Hatsarin Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da na Gummi a nan Zamfara a Satumbar 2024 sun ci rayuka da dama.

In tafiya ta kai ka gaɓar ruwa daga Ruwan Bore ko Gusau, ka yi waɗannan tun kana gida. Ka duba hasashen yanayi na NiMet, musamman da damina. Ka sauke taswirar yankin a Google Maps, domin GPS na aiki ko babu data. Ka kunna Live Location a WhatsApp ga wani ɗan'uwa, amma wannan sai da netwok. Ka ajiye lambar gaggawa 112.

Waya mai alamar IP67 tana jure zurfin mita 1 na minti 30 kawai, don haka ka ɗaure ta cikin leda mai zif.

Waya dai ba ta hana nutsewa. Hukumar NIWA ta haramta tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. In ka ga kwale-kwale ya cika maƙil, ka jira na gaba.