Jan Launin da Wuta Ba Ta Cinyewa

A masana'antar tangaran babu launin da ya wahalar da masana kamar ja. Shuɗi ya daɗe da samuwa daga ma'adinin kobal, kore daga kuromiyam, ruwan ƙasa kuwa ko'ina aka juya ga shi. Amma ja jawur, wanda zai shiga tanderun da zafinsa ya kai digiri 1200, irin wanda ake gasa tayil a cikinsa a Sasuwolo ta Italiya ko Kastiyon ta Sifen, ya fito yana nan da jansa, shi ne har yau ake fama da nemansa.

Matsalar daga wutar take. Rinin tufafi da launin fenti ƙonewa suke yi ƙurmus tun zafi bai yi nisa ba. Abin da ke tsira shi ne ƙarfen da ya riga ya haɗu da iskar oksijin, wato oksayid, domin wuta ba ta da sauran abin ci a jikinsa. Mafi sauƙin samu a ciki shi ne tsatsar baƙin ƙarfe, wadda ita ce ke sa tukunyar yumɓu ta fito ja daga wurin gashi. Sai dai jan tsatsa ba ya son zafi mai yawa: ruwan gilashin da ake shafa wa tangaran yana narkar da shi, ya koma ruwan ƙasa ko ya yi duhu.

Mutanen da sun yi ta dabaru. Maginan Jindezan a ƙasar Sin sun fitar da ja mai kama da jini daga tagulla, ta hanyar hana wa tanderu iska, sai dai kuskure kaɗan ke mai da kwanon kore ko toka-toka. A Iznik ta Turkiyya, tsakiyar ƙarni na 16, an yi amfani da wata jar ƙasa da ake ɗorawa da kauri, har hannu na jin tudunta a tayil ɗin masallatan Istambul. A Amurka ma, kwanukan Fiesta da suka fito a 1936 sun samu jansu mai ruwan lemo daga yuraniyam, har sai da gwamnati ta karɓe ma'adinin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A ƙarni na 20 kadmiyam haɗe da salfa da seleniyam ya ƙwace kasuwa, don babu mai kamo shi wajen haske. Aibinsa biyu ne. Guba ne mai lalata ƙoda da ƙashi, kamar yadda mutanen yankin Toyama na Japan suka ɗanɗana, sa'annan yana wargajewa tun da sauran tafiya kafin a kai digiri 1200. A farkon shekarun 1970 kamfanin Degussa na Jamus ya fito da dabarar kulle ƙwayoyinsa a cikin ƙwayar zirkon, dutsen da wuta ba ta cika damunsa ba. Dabarar ta yi aiki, amma gubar na nan a ciki, an dai rufe mata ƙofa ne.

Wannan ya sa ido ya koma kan haɗa oksayid na ƙarafa daban-daban, kuma a nan yaƙutu ya zama malami. Oksayid na kuromiyam kore ne shar. Na alminiyam fari ne. Amma idan ɗan kuromiyam kaɗan ya shiga cikin ginin ƙwayar alminiyam ɗin, ya zauna a gurbin da ya yi masa ƙunci, oksijin shida da ke kewaye da shi sukan matse shi, sai irin hasken da yake haɗiyewa ya sauya, abin da ya rage ya dawo wa ido ja. Yaƙutu ke nan. Aikin masanin shi ne neman ginin da zai matse kuromiyam daidai gwargwado, kuma ginin ya zama mai taurin da ruwan gilashi ba zai narkar ba.

Tun ƙarni na 19 maginan Ingila suka dace da ɗaya: kuza, farar ƙasa, yashi da ɗan kuromiyam, wanda ke ba da ruwan hoda zuwa ja mai duhu. Yana da tsirfa. In akwai sinadarin zinki a ruwan gilashin, launin ya lalace ke nan. A 1999 masu bincike na kamfanin Colorobbia a Italiya suka bayyana wani sabo, na itiriyam da alminiyam da ɗan kuromiyam, wanda daga baya cibiyar binciken tangaran da ke Fayenza ta yi ta nazarinsa. Yadda ake yinsa ba ya da ban mamaki a ido: a auna garin kowane, a niƙa tare, a zuba ɗan gishirin da zai taimaka musu su haɗe, a gasa a zafin da ya zarce na tayil ɗin kansa, a sake niƙawa. Ya jure wuta sosai. Sai dai itiriyam ba arha gare shi ba, jansa kuma ya fi karkata ga na bulo, ba irin na kadmiyam mai ɗaukar ido ba. Haɗin seriyam da faraseyodimiyam shi ma nan ya tsaya, tsakanin ja da ruwan ƙasa.

A 2000 Martin Jansen da Hans-Peter Letschert a Jamus suka gwada wata hanya: suka maye gurbin wani sashe na oksijin da naitirojin a haɗin tantalam, suka samu launuka daga rawaya zuwa ja ba tare da guba ba. Tantalam ɗin ya yi tsada, kuma naitirojin na gudu idan aka gasa a iska mai zafi.

Yanzu wata sabuwar wahala ta ƙaru. Yawancin tayil na zamani injin feshin tawada ne ke buga musu zane, kuma ƙofofin feshin kan toshe in girman ƙwayar launin ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Niƙa mai laushi haka na fasa ɓawon zirkon, kadmiyam ya fito fili wuta ta cinye shi, haɗin kuromiyam kuwa ya koɗe. Shi ya sa a injinan masana'antu da yawa, gurbin da ya kamata a zuba ja, ruwan ƙasa ko ruwan hoda ake zubawa.