Yoga, Pilates Ko Taici: Wanne Ya Kamata Mutum Ya Zaɓa?

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ta fara yawa a bakin jama'a tun da wayar hannu ta shiga ko wane gida. Mutum ya buɗe waya ya ga wani a kan tabarma ya lanƙwashe kamar ba ƙashi a jikinsa, a ce masa yoga ke nan. Ya matsa gaba ya ga wani kwance yana ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, a ce wannan Pilates ne. Can kuma ga waɗansu tsofaffi a fili suna motsa hannu sannu-sannu kamar masu iyo, a ce taici su ke yi. Kowa yana cewa nasa ya fi. To, mu da za mu fita mu zama malamai lalle za a tambaye mu, domin kun san a unguwa ba abin da ba a kawo wa malamin makaranta. Saboda haka ya kamata mu tanadi amsa.

Ni a Sabo ta Ibadan na tashi, kuma da mutanenta zan yi misali. An kafa unguwar a 1916 domin Hausawa fatake, masu kawo shanu Kurmi su koma Arewa da goro. Waɗannan mutane ba su bukaci wani ya koya musu motsa jiki ba, sana'arsu ta ishe su. Yau kuwa yawancin sana'o'inmu na zaune ne. Ɗan canji a kan benci ya ke wuni. Tela yana duƙe a kan keke, mai aikin hula da mai surfani sun sunkuyar da wuya tun safe. In ka saurari hirar dattawa, ba ta wuce ciwon kwankwaso da ciwon gwiwa, ga kuma kujeru sai ƙaruwa su ke yi a gefen sahu, domin waɗanda gwiwa ta hana su durƙuso. Mutum mai shekara hamsin da tumbi ba za ka ce masa ya tafi filin wasa na Adamasingba ya yi gudu ba. Gwiwarsa ba za ta ɗauka ba, girmansa ma ba zai bar shi ba. Abin da ya dace da shi shi ne motsa jiki marar tsalle marar gudu, wanda ba ya jijjiga gaɓoɓi.

Abu uku da a ke nema

Kafin a zaɓi magani sai a san cutar. Abu uku a ke nema ga irin wannan motsa jiki. Na farko ƙarfi. Tsokar da ba a sa ta aiki ramewa ta ke yi, kuma daga wajen shekara 30 tsokar ɗan Adam ta kan fara raguwa kaɗan-kaɗan in ba a kula da ita ba. Na biyu laushin gaɓoɓi, watau gaɓa ta iya buɗewa ta rufe iyakar yadda aka halicce ta. Gaɓar da ta saba da zama wuri ɗaya ta kan ƙage, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Na uku tsayuwa daram, watau mutum ya iya riƙe jikinsa in ya yi tuntuɓe. Ido da cikin kunne da tafin ƙafa su ke haɗuwa su yi wannan aiki, kuma shi ma ya kan dushe da tsufa. Yoga da Pilates da taici duk suna taɓa ukun nan, amma ko wanne da inda ya fi ƙarfi.

Yoga

Daga Indiya ta fito. Asalin kalmar a harshen Sanskirit shi ne haɗawa, kamar yadda a ke haɗa shanun noma da karkiya. Wani malami na zamanin dā, Patanjali, ya kasa ta matakai takwas, kuma zaman jiki ɗaya ne kawai daga cikinsu, sauran na tarbiyyar hali ne da numfashi da tara hankali. Irin lanƙwashe-lanƙwashen da mu ke gani yau a ƙarni na 20 suka kankama. Krishnamacharya ya koyar da su a fadar Sarkin Mysore a shekarun 1930, almajirinsa Iyengar kuma ya buga littafi mai hotuna a 1966 wanda ya bazu duniya. A Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 21 ga Yuni ta zama ranar yoga.

Yadda a ke yi, sai mutum ya shiga wani irin zama ko tsayuwa, ya tsaya a haka yana jan numfashi a hankali sau biyar ko fi, sa'an nan ya sake wani. Ta fi kyau wajen sakin gaɓoɓi da kwantar da hankali. A 2017 likitoci a Boston ta Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon baya, yawancinsu marasa ƙarfi. Bayan mako 12 aka ga waɗanda suka yi yoga sun sami sauƙi kusan daidai da waɗanda suka je wurin likitocin gashin ƙashi. Amma fa yoga iri-iri ce. Akwai mai sauƙi, akwai mai wahala, har akwai wadda a ke yi a ɗakin da aka ɗumama ya kai wajen digiri 40. Wannan kam mu mutanen Badun ba mu bukatar a ƙara mana zafi.

Pilates

Sunan mutum ne, a kan furta shi Filatis. An haifi Joseph Pilates a Jamus a 1883. Yana Ingila yaƙin 1914 ya ɓarke, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa a tsibirin Man, inda ya riƙa koya wa 'yan'uwansa tsararru motsa jiki. Bayan yaƙi ya tafi New York ya buɗe ɗakin horo, masu sana'ar rawa suka riƙa zuwa wurinsa in sun ji rauni. Littafinsa na 1945 ya ƙunshi motsi 34 waɗanda a ke yi a kan tabarma. Ya rasu a 1967.

Shi hankalinsa yana kan tsakiyar jiki: ciki da kwankwaso da mazaunai, watau tsokokin da su ke tallafe da ƙashin baya kamar yadda ginshiƙi ke riƙe da azara. A kan yi ko wane motsi sau kaɗan, amma da natsuwa, ba fizga. Akwai wani gado mai sifirin da ya ƙirƙira, mai tsada, wanda a ke gani a ɗakunan horo na masu kuɗi. Mai farawa ba ya bukatarsa, tabarma ta isa.

Taici

Wannan daga ƙasar Sin ya ke, asalinsa kuwa dabarar kare kai ce ta zuriyar Chen a lardin Henan, tun ƙarni na 17. A 1956 gwamnatin Sin ta sa aka taƙaita shi zuwa motsi 24 domin talakawa, a kan gama su cikin minti biyar ko shida. A tsaye a ke yinsa, gwiwa a ɗan rusune, mutum yana mai da nauyinsa daga ƙafa zuwa ƙafa a hankali. Wannan juya nauyi shi ne sirrinsa, domin shi ne ainihin abin da ke kuɓuce wa tsoho ya faɗi. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna yana rage faɗuwa ga tsofaffi. Ba a kwanciya ƙasa, ba a tuɓe riga, dattijo zai iya yinsa da kaftaninsa a zaure. Aibinsa ɗaya, yana da wuyar koyo daga waya, malamansa kuma ba su da yawa a ƙasarmu.

Maganar addini

Ba zan tsallake wannan ba, domin ita ce tambayar farko da za a yi mana a Sabo. Yoga ta tashi ne cikin addinin Hindu. Waɗansu masu koyarwa su kan buɗe darasi da rera kalmomin ibadarsu, akwai kuma jerin motsi da a ke kira gaisuwar rana. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yoga. A 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta rarrabe: ta hana wadda aka haɗa da ibada, ta ƙyale wadda ke motsa jiki zalla. Ko a wajen Kirista, fadar Paparoma ta fitar da wasiƙa a 1989 tana jan kunnen mabiyanta game da haɗa addu'a da hanyoyin tunani na ƙasashen Gabas. Taici ma yana da tasa falsafar ta mutanen Sin, ko da ya ke a kan koyi motsinsa ba tare da wata addu'a ba.

Shawarata a nan gajeriya ce. Wanda zuciyarsa ta yi shakka ya tambayi malaminsa, in bai natsu ba ya bari, ba abin da ya rasa. Tsoka ba ta jin Sanskirit, miƙa kawai ta sani, kuma yawancin miƙar nan akwai irinta a Pilates da wurin likitocin gashin ƙashi. Kada malamin makaranta ya tsaya gardama da uba a kan suna har ya rasa yaron da amincewar gidansu.

To, wanne za a zaɓa?

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Kowa ya duba sana'arsa da shekarunsa.

Tela da ɗan canji da akawu, waɗanda zama ya raunana musu ciki da kwankwaso, su fara da Pilates na tabarma. Ɗan dako da mai ga-ruwa da ɗan acaba suna da ƙarfinsu, abin da ke damunsu ƙagewa ne, sai su nemi miƙa irin ta yoga mai sauƙi da yamma. Dattijon da ya fara taga-taga, taici ne nasa. In bai sami mai koya masa ba, ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya kuma riƙa tashi daga kujera yana zama sau goma. Matan gida, waɗanda injin niƙa ya ɗauke musu daka, ko wanne daga cikin na tabarma zai yiwu a ɗaki, ba sai an fita ba. Mu kuma ɗalibai, da ke wuni a kan tebur sa'an nan jarrabawa ta hana mu barci, miƙa tare da jan numfashi a hankali ta fi mana amfani.

Amma akwai wurin da duk ukun ba su cika ƙosarwa ba, watau zuciya da huhu, domin ba kullum su ke sa haki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2020 cewa baligi yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗan sa shi haki, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da horon tsayuwa kwana uku. Saboda haka ko wanne ka zaɓa, ka haɗa da tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Daga Sabo zuwa Dugbe a ƙafa, ko hawan tudun Mokola, ya biya bukata, ba ko kwabo.

Abin da za a kiyaye

A ɗumama jiki da 'yar tafiya kafin a fara. In an miƙe gaɓa, a riƙe kamar daƙiƙa 20 ko 30, kada a yi fizge-fizge. Jin ɗan ja a tsoka ba kome, amma zafi mai suka a gaɓa alama ce ta a tsaya. Kada a riƙe numfashi, kada kuma a yi da cikakken ciki. Mai hawan jini da mai hawan jinin ido kada su kafa kai a ƙasa su ɗaga ƙafafu sama. Mace mai ciki da wanda aka yi wa aiki kwanan nan su fara jin ta bakin likita. In ciwon baya yana sauka har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, wannan ba na tabarma ba ne, na asibiti ne. Mu a Ibadan mun yi sa'a, ga Asibitin Koyarwa na UCH nan kusa, wanda aka buɗe a 1957, yana da sashen gashin ƙashi.

Namu aikin a makaranta

Yara ba irin wannan su ka fi bukata ba. Hukumar nan ta ce minti 60 a rana ya kamace su, kuma gudu da tsalle da ƙwallo su ne abincin ƙashinsu. Langa ma da mu ke rainawa, wane horon tsayuwa ne ya fi ta? Atisayen safe da muka gāda yana da tushe wurin Per Henrik Ling, wanda ya kafa makarantarsa a Stockholm ta Suwidin a 1813, ya iso mana ta hannun Ingilishi da manhajarsu ta 1933. Ba sai mun yar da shi ba. Abin da za mu ƙara shi ne miƙar minti biyar tsakanin darasi da darasi, mu kuma ba ko wane motsi suna da Hausa, kamar miƙar kyanwa ko tsayuwar zalɓe, domin yaro ya kai wa kakansa gida. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Wanda ya zaɓi ɗaya ya ba shi wata uku kafin ya yanke masa hukunci. Ran da ya fara, ya rubuta abu uku a littafi: sau nawa ya iya tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafawa ba, daƙiƙa nawa ya tsaya da ƙafa ɗaya, kuma ina yatsunsa suka kai da ya sunkuya. Bayan wata uku ya sake aunawa. In an ci gaba, ya riƙe. In ba a ci ba, ya gwada wani. Minti goma kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a wata, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu amfani yaran da za a danƙa mana, amin.