Turancin Nema a Mile 2

Yau shirin namu ya yada zango a Mile 2 da ke Legas, inda titin Badagry ya gitta na Oshodi zuwa Apapa. Nan ake shiga motar Seme da Kwatano, nan kuma jirgin ƙasa na Blue Line yake sauke fasinjan Marina tun watan Satumban 2023. 'Yan Arewa kuwa ga su nan birjik: masu dako, masu shayi, 'yan canji, masu gyaran takalmi. Duk wanda ka taɓa, nema ne ya raba shi da gida.

To, yaya Bature yake faɗin nema? "Look for" yake cewa. Kalma biyu ce, amma ƙaramar ce ke riƙe da ma'anar. "Look" ita kaɗai kallo ne kawai, sai ta haɗu da "for" take zama nema. "I am looking for work", wato ina neman aiki. Ka cire "for" ka sa "after", zance ya koma amana: wanda ya ce maka "look after my shop", shagonsa ya bar maka ka kula masa.

Sai dai saurayin da ya iso daga Sakkwato jiya ba wannan kunnensa zai fara ji ba. Kwandasta zai tare shi da "Wetin you dey find?" A buroka, "find" nema ce. A Turancin boko kuwa samu ne. Bahaushe ya riga ya raba biyun, tun da ya ce mai nema yana tare da samu.

Ni dai ban ga abin rainawa a buroka ba. Da ita ake ciniki a tashar nan, har BBC ta buɗe mata sashe a 2017. Abin da ke damuna shi ne ranar da magana ta koma takarda. Mutum ƙaninsa ya ɓace, ya rubuta cigiya da "I find my brother", mai karatu ya ɗauka an gan shi, ya wuce abinsa. Yaro kuma yana can ba wanda ke dubawa.

Saboda haka, malam, in cigiya za ka rubuta, ko a Agege ko a Alaba Rago, rubuta "I am looking for my brother", sannan sunansa, garinsu, da lambar wayarka.