Rawar Soja: Ma'anarta, Amfaninta da Sawunta a Harshen Hausa

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan rawar soja, wato horon da ake ba kurata na tsayuwa da maci da juyawa da sarrafa bindiga bisa umarni guda. Za a duba dalilin wannan horo, da yadda ya shafi Hausawan bakin teku irin na Zangon Kwatano a Jamhuriyar Benin, da kuma kalmomin da ya bar mana.

Yadda ake yin ta

Umarnin rawar soja kashi biyu ne. Na farko shi ne na faɗakarwa, wanda ake jan sa don soja ya san abin da ke tafe. Na biyu gajere ne mai ƙarfi, da jin sa kowa zai motsa lokaci ɗaya. Ana maimaita wannan kullum har jiki ya saba, ta yadda soja zai bi umarni ko da tsoro ya kama shi. Saboda haka manufar ba ƙawa ba ce. Manufar ita ce mutum ɗari su zama kamar mutum ɗaya.

Amfaninta a fagen daga

A ƙarni na 19 wannan horo shi ne ƙashin bayan yaƙi. Sojoji kan tsaya sahu-sahu a siffar murabba'i, suna fuskantar kowace kusurwa, su ɗura bindiga tare, su harba tare. Idan mutum ɗaya ya karya sahu, ya buɗe wa abokan gaba ƙofa. Da wannan tsari, haɗe da bindiga mai ruwa, 'yan tsirarun sojojin Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903.

A ƙasar Dahome ma haka abin ya kasance. An gwabza tsakanin Faransa da mayaƙan Sarki Behanzin a Kwatano a 1890. A 1891 Faransa ta kafa wata runduna da ta kira ta Hausawa, kuma tana cikin dakarun da Janar Dodds ya shiga Abome da su a 1892. Su ma Dahomawa suna da nasu horon mai tsanani, musamman rundunarsu ta mata, amma makaman Faransa sun fi nasu. Behanzin ya miƙa wuya a 1894.

Me ya sa Hausa?

Tun a 1863 Kyaftin Glover ya tara wata 'yar runduna a Legas wadda aka san ta da sunan Hausawan Glover. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudu, kuma ba dukkansu ne Hausawa ba. Harshen ne ya haɗa su. Da aka kafa rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga a 1897, sai ya zama ana ba da umarnin fareti da Ingilishi, amma bayani da hira da Hausa ake yi. Daga nan Barikanci ya samo asali, wato sauƙaƙƙiyar Hausar bariki wadda ba ta cika bambanta jinsin namiji da tamace ba.

Kalmomin aro

Daga Ingilishi muka aro soja, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, fareti, maci da bariki. A ƙasashen da Faransa ta mulka kuwa, akwai kumandan da lajidan. Bahaushen Zangon Kwatano, da yake yana hulɗa da Legas da Nijar duka, yana iya cin karo da kowanne. Ɗalibi ya lura kuma da hikimar Bahaushe: bai ari kalma don horon kansa ba, sai ya kira shi rawa, domin ya ga ƙafafu na tafiya tare da kiɗa. Atisayen da ake yi a jeji kuma ya ce rawar daji.

Kammalawa

A yau ba a yaƙi sahu-sahu, amma har yanzu da rawar soja kurtu ke fara koyon ɗa'a da biyayya. Wanda ya kalli faretin ranar 1 ga Agusta, ranar da Benin ta sami 'yancin kai a 1960, zai ga abin da horon ke haifarwa: ɗaruruwan ƙafafu, sauti ɗaya.