Zaɓen jami'ar karatun harhaɗa magunguna a Nijeriya

A kowace shekara ɗalibai da dama a Nijeriya kan nemi gurbin karatun harhaɗa magunguna, sai dai ba kowace takardar digiri ce ke bai wa mai ita damar yin wannan aiki ba.

Hukumomi biyu ne ke da ta-cewa a kan lamarin. Ta farko ita ce hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, wadda ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i. Ta biyu kuwa ita ce majalisar kula da aikin harhaɗa magunguna, PCN, wadda aka kafa a shekarar 1992, aka kuma sabunta dokarta a 2022.

Majalisar ce ke yi wa masu sana'ar rajista da ba su lasisi, ita ce kuma ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace tsangaya za ta ɗauka. Don haka ɗalibin da ya shiga tsangayar da majalisar ba ta amince da ita ba, yana iya kammala karatu ya rasa lasisi.

Tsawon karatu

Ana buƙatar kiredit biyar a jarabawar kammala sakandare, wato a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, kafin a zo ga jarabawar JAMB.

Digirin B.Pharm shekara biyar ne, yayin da na Pharm.D, wanda Jami'ar Benin ta fara bayarwa a ƙasar, ke ɗaukar shekara shida, tare da ƙarin horo a asibiti. Bayan kammalawa akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, da jarabawar majalisar PCN, sannan hidimar ƙasa.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ɗaukar kwas ɗin Famakoloji, wato nazarin yadda magani ke aiki a jiki, a matsayin harhaɗa magunguna. Digirin Famakoloji ba ya kai mutum ga samun lasisin. Haka ma difilomar da kwalejojin fasahar kiwon lafiya ke bayarwa, ta mataimaka ce.

A arewacin ƙasar, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ce ta fi daɗewa tana koyar da fannin. Akwai kuma tsangayoyi a jami'o'in Jos da Maiduguri, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Bayero ta Kano.

Kuɗi da lokaci

Jami'o'in gwamnati sun fi sauƙin kuɗi, amma yajin aiki kan ja karatu, kamar na ƙungiyar ASUU a 2022, wanda ya kai wata takwas. Masu zaman kansu ba su cika fuskantar wannan matsala ba, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin iyaye.

Masu fita ƙasashen waje kuma suna da nasu ƙalubalen. Sai sun halarci wani horo na musamman da PCN ke shiryawa, sun kuma ci jarabawa, kafin a yi musu rajista a gida.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya katse karatun ɗaliban Nijeriya masu yawa, galibinsu daga arewa. A watan Janairun 2024 kuma gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani bincike ya bankaɗo cinikin takardun bogi.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, abin da ya fi dacewa shi ne iyaye su tabbatar sunan tsangayar yana cikin jerin da PCN ta amince da shi a shekarar da ake ciki, domin amincewar ta wani lokaci ce, ana sabunta ta, ana kuma iya janye ta.