Turmi goma sha biyu babu kisa: taƙaddamar 'yan kallo a kan gwanayen gociya a damben boksin

Wajen asuba aka kaɗa ƙararrawar turmin farko. A Las Vegas daren Asabar ne, 2 ga Mayun 2015, mu kuwa Lahadi ta riga ta shigo mana, amma gidan kallon unguwarmu ya cika maƙil kamar ranar wasan Barcelona da Real Madrid. Rabin mutanen da ke kan bencin ba su taɓa zama sun kalli damben boksin daga farko har ƙarshe ba. Suna ne ya hana su barci: Floyd Mayweather da Manny Pacquiao, karawar da aka shafe shekara biyar ana cinikinta.

Kafin turmi na shida tsaki ya fara tashi. Wani matashi a bayana ya ce wannan ai tsere ne, ba dambe ba. Dattijon da ke gefena, tsohon soja da ya taɓa sa safar dambe a bariki, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Yaro, ƙirga mini naushin da ya shiga." Matashin ya ce, "Baba, mu kisa muka zo gani." A nan suka tsaya, kuma a nan duniyar boksin take tsaye har yau.

Alƙalan nan uku sun ba Mayweather nasara, ɗaya da maki 118 da 110, biyu da 116 da 112. Kamfanin CompuBox mai ƙirgar naushi ya ce Mayweather ya sami Pacquiao sau 148, shi kuwa Pacquiao sau 81 kacal cikin naushi sama da 400 da ya kai. Ta fuskar lissafi dattijon ne da gaskiya. Ta fuskar kasuwa kuwa matashin ne ya faɗi abin da ke ran miliyoyi. Gidaje miliyan 4.6 ne suka sayi damar kallon wasan a Amurka, kowanne a kan kusan dala 100, kuma da labari ya fito cewa Pacquiao ya shiga fage da ciwon kafaɗa, wasu har kotu suka je neman kuɗinsu. Kotu ta kori ƙarar. Bayan wata huɗu Mayweather ya kara da Andre Berto, waɗanda suka saya ba su kai dubu ɗari shida ba.

Mu da muka tashi da damben gargajiya, uzurinmu a bayyane yake. A gidan dambe magana ɗaya ce: ko dai wani ya kai ƙasa, ko a ce an yi turmi uku babu kisa a raba su. Ba wanda ke zaune da alƙalami yana rubuta wa ɗan dambe lada don ya iya kauce wa hannu. Boksin ba haka aka gina shi ba. Kowane turmi minti uku ne, kuma alƙalai uku da ke gefen fage suna ba wanda ya rinjaya maki goma, ɗayan tara, ko takwas idan ya sha ƙasa. Abu huɗu suke dubawa: naushin da ya shiga tsaf, kai farmaki mai amfani, iya juya abokin karawa a cikin fage, da kare kai. Wato kare kai yana cikin abin da doka ta ce a saka wa mutum a kansa. Wanda bai san wannan ba zai ga mutum yana bin wani da gudu minti 36, ya ɗauka mai bin shi ne ke cin wasa.

Abin da gogaggen mai kallo yake gani kuwa ƙanana ne, kuma cikin ƙiftawar ido suke wucewa. A dubi tsayuwar Mayweather. Yana ba abokin karawa gefe, ya ɗaga kafaɗar hagu ta rufe haɓa, hannun hagu kwance a kan ciki, na dama manne da kumatu. Idan aka kawo masa naushin dama sai ya murɗa jiki kaɗan, naushin ya zame a kan kafaɗa. Murɗawar nan ita ce ta ɗana masa nasa hannun daman, don haka kafin mai naushi ya janye hannu ya riga ya sha ramuwa a fuska. Bayan sau uku ko huɗu sai mutum ya fara shakkar sakin hannunsa. Abin da ya sami Pacquiao ke nan, mutumin da aka sani da ruwan naushi: sai ga shi yana tsayawa yana tunani. Mai kallo daga nesa zai ce babu abin da ke faruwa, alhali an ɗaure wa gwarzo hannu ne ba tare da igiya ba.

Wannan gwaninta tana da manyanta. Willie Pep na Amurka ya ci wasa 229 a rayuwarsa, yawanci da ƙafa da ido. Pernell Whitaker, a Satumbar 1993 a San Antonio, ya sa Julio César Chávez, wanda a lokacin ba a taɓa doke shi ba, ya yi ta naushin iska a gaban dubban magoya bayansa. Alƙalai suka ce canjaras, kuma har yau masana na kiran hukuncin fashi da rana tsaka.

Sai dai gogaggun nan su ma suna da tasu cutar, wato girman kai. Duk wanda ya yi hamma a gaban talabijin sai su ce bai san dambe ba, kuma duk ɗan damben da ya ƙi a taɓa shi sai su naɗa masa rawanin fasaha. Ba kowace gociya ce fasaha ba. Guillermo Rigondeaux ɗan Kyuba, mai lambar zinare biyu a gasar Olamfik, yana cikin ƙwararrun da aka taɓa gani. A Afrilun 2013 ya koya wa Nonito Donaire darasi a New York. A Disambar shekarar ya cinye duka turmi goma sha biyu a kan Joseph Agbeko na Ghana, amma mutane suna ta ficewa daga zauren tun wasa bai ƙare ba. A 2021 kuwa, da ya haɗu da John Riel Casimero, naushin da su biyun suka shigar gaba ɗaya 91 ne. A raba wannan a kan turmi goma sha biyu da mutum biyu: bai kai naushi huɗu ga kowane mutum a minti uku ba. Wanda ya biya kuɗin mota da na tikiti ya ga haka, in ya yi ihu bai yi laifi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ɗan damben da ya karɓi kuɗin faɗa bashin faɗa ke kansa.

Iyakar a ganina a fili take. Akwai mai gocewa don ya rama, akwai mai gocewa don lokaci ya ƙare. Na farko yana tsaye a inda hannu zai iya kai masa, yana sayen kowace dama da haɗarin kansa. Na biyu ya bar unguwar gaba ɗaya.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Mayun 2025 a Riyadh, Canelo Álvarez da William Scull sun kai naushi 445 a tsakaninsu, mafi ƙanƙanta da CompuBox ya taɓa ƙirgawa a wasan turmi goma sha biyu. Kowa ya zagi Scull saboda zagayen da ya yi ta yi, kuma ya cancanci zagin. Sai dai shi Canelo, babban tauraro mai kambu, naushi 152 kawai ya saki a daren. Tare hanya ilimi ne da ake koyarwa a wurin horo: maimakon ka bi mutum a baya kamar jela, sai ka taka gefe ka datse inda zai bi, ka tura shi kusurwa, ka sassare shi a ciki da haƙarƙari har ƙafafunsa su yi nauyi. Chávez ya shahara da haka, Gennady Golovkin ma haka. Idan mai farmaki bai iya wannan ba, rabin laifin wasa marar armashi nasa ne, amma ba kasafai ake tuna masa ba.

Bayan wancan wasan ne Turki Alalshikh, jami'in Saudiyya da a yanzu kuɗinsa ke juya manyan wasannin boksin, ya fito ya ce ya gaji da dambe irin na Tom da Jerry, kyanwa na bin ɓera. Maganar ta yi wa 'yan kallo na ɗan lokaci daɗi, kuma ba a raina su, domin su ne kasuwa. Gogaggu za su kalli ko wane wasa, ko da na masu ƙaramin nauyi ne da tsakar dare, amma yawansu ba ya biyan ladan miliyoyin dala.

To shin gociya ce ke kashe boksin? Ban yarda ba, kuma lissafin kuɗin ne da kansa ya hana ni yarda. Mayweather, sarkin masu kare kai, shi ne ya fi kowa sayar da wasa a tarihin sana'ar, har ya yi ritaya da nasara 50 babu faɗuwa. Da yawa sun riƙa biya ne don su ga ranar da za a rufe masa baki, ranar kuwa ba ta zo ba. A Nuwambar 2024 kamfanin Netflix ya ce mutum miliyan 108 ne suka kalli Jake Paul da Mike Tyson, dattijo ɗan shekara 58 da ya shigar da naushi 18 a dukan wasan. Ashe ba yawan naushi ke tara jama'a ba, suna ne da labari. Abin da ke korar mutane daban ne. Hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da nata zakaran a kowane aji, har mai kallo ya rasa wane ne gwani na gaskiya. A 2018 Anthony Joshua na riƙe da kambu uku na ajin masu nauyi, Deontay Wilder na riƙe da na huɗun, dukansu ba a taɓa doke su ba, duniya na jira, amma 'yan kasuwar dambe suka kasa haɗa su. Ga hukuncin alƙalai da kan bar mutum baki buɗe. Tashar HBO ta bar nuna boksin a 2018 bayan shekara 45, Showtime ta bi ta a ƙarshen 2023, kuma ba Rigondeaux ne ya kore su ba.

Tun da an ambaci Joshua, wanda mu 'yan Najeriya muke ɗauka namu ne, bari mu taɓa kanmu kaɗan. A Yunin 2019 ya tsaya musayar hannu da Andy Ruiz a New York, ya sha ƙasa sau huɗu, aka tsayar da wasa a turmi na bakwai. Da suka sake haɗuwa a Diriyah a Disamba, sai ya riƙa zungurar Ruiz da hannun hagu yana zagayawa har ƙararrawar ƙarshe. Ban ji wani ɗan Najeriya ya kira wannan tsere ba. Cewa muka yi yaro ya yi hankali. Gociya tana zama tsoro ne idan ba naka ne ke yin ta ba.

Akwai kuma wata lafiyar da masu maganar lafiyar wasa kan tsallake, ita ce ta mutumin da ke cikin igiya. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da ke kama tsofaffin 'yan dambe: harshe ya yi nauyi, hannu na rawa, tafiya kamar ta mashayi. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma duk naushin da ya juya kai da ƙarfi yana girgiza ta, ya ja ƙananan jijiyoyi, wani lokaci ya tsinka su jini ya taru. Ba sai an faɗi ba. Mai taurin haɓa da ke shanye naushi ɗari biyu yana tsaye, wanda muke yi wa tafi, shi ne ya fi tara wannan bashi. A Nuwambar 1982 Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 a hannun Ray Mancini, ya rasu bayan 'yan kwanaki, kuma daga nan aka fara rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12. A Agustan 2025 'yan damben Japan biyu, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, kowanne ɗan shekara 28, sun rasu sakamakon raunin ƙwaƙwalwa da suka samu a dare guda a zaure guda a Tokyo. Ni ma ina son turmi na tara na Arturo Gatti da Micky Ward na 2002, na kalle shi ya fi a ƙirga. Amma ina kallonsa ne daga kan kujera, da kofin shayi a hannu.

Saboda haka ba na goyon bayan duk wani gyara da ma'anarsa ita ce a tilasta wa ɗan dambe ya miƙa kansa. Gyaran da ake bukata yana cikin littafin doka tun tuni. Riƙo da cakumar wuya laifi ne, juya baya laifi ne, ƙin yin faɗa laifi ne, kuma alƙalin wasa na da ikon gargaɗi da zaftare maki, sai dai ya ƙi amfani da shi. Masu shirya wasa su daina haɗa mutum biyu da kowannensu ke jiran ɗan'uwansa ya fara. Faɗin fage ma abin ciniki ne a yarjejeniya, kuma ba dole ne a ba mai zagaye fili kamar na sukuwa ba. Masu sharhi a rediyo da talabijin kuwa, maimakon jiran kisa su yi kururuwa, su riƙa nuna wa mutane abin da ya sa naushi ya wuce ta gefen kunne.

Kai kuma mai karatu, idan dare ya sake kai ka gidan kallo, ka ba da turmi biyu ga ƙafafun 'yan damben, ka bar fuskokinsu. Ka lura wa ke zaɓar inda ake tsayawa, wa ke ramawa bayan ya goce. Idan ka ga mai gociya yana ramawa, ka yi haƙuri da shi, aikinsa yake yi. Idan kuwa turmi uku suka wuce bai saki hannu ba, yi tsakinka da ƙarfi, kuɗinka ne.